Sharhi: Dalilan da suka sa farashin man fetur a Maiduguri ya sha bamban da na Legas

A ranar 31 ga Mayu, 2023, kwana biyu bayan Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, ya sauya farashi a gidajen mansa. Lita ɗaya, wadda a da ba ta kai naira 200 ba a dukan manyan birane, ta koma naira 488 a Legas, naira 537 a Abuja, a Maiduguri da Damaturu kuwa naira 557, wanda shi ne mafi tsada a jadawalin.

Bayan wata goma sha biyar da 'yan kwanaki, a tsakiyar Satumbar 2024, kamfanin ya fara ɗaukar fetur daga Matatar Dangote, ya kuma fitar da ƙiyasin farashin da za a sayar a jihohi. Legas ta samu naira 950.22, Abuja naira 992.22, Borno kuma naira 1,019.22.

Wanda ya kwatanta jadawalan biyu zai ga cewa farashi ya kusa ninkawa, amma tazarar da ke tsakanin Legas da Maiduguri ba ta motsa ba: naira 69 a karon farko, naira 69 a karo na biyu. Wannan ya nuna cewa tambayoyi biyu ne a gaban mai sayen mai a Borno, kuma kowace da amsarta. Ta farko ita ce me ke sa farashi ya hau ko ya sauka a faɗin ƙasa. Ta biyu kuma, me ya sa nasa ya ɗara na wasu.

Zamanin farashi ɗaya

Tun a 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauki manufar sayar da mai a kan farashi ɗaya a ko'ina cikin Najeriya. Domin manufar ta ɗore, an kafa Asusun Daidaita Farashin Mai, PEF, da doka mai lamba 9 ta 1975. Aikin asusun shi ne karɓar wani ɗan kaso a kan kowace lita, sannan ya biya dillalan da suka yi dakon mai zuwa nesa abin da suka kashe a hanya. Da haka mai gidan mai a Apapa da takwaransa na Gamboru za su iya sayarwa a kan kuɗi guda ba tare da ɗayansu ya karye ba.

Tsarin ya dogara ne a kan bututu. An shimfiɗa bututan mai na sama da kilomita 5,000 da suka haɗa matatu da daffo-daffo fiye da 20. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 kuma take iya tace ganga 110,000 a rana, ita ce uwar Arewa. Daga can bututu ya bi ta Jos da Gombe har zuwa daffon Maiduguri. A wancan lissafi, aikin tanka shi ne ɗan gajeren zango daga daffo zuwa gidan mai. Dogon dako, wanda ya haura kilomita 450, an tanade shi ne domin lokacin da bututu ya samu matsala.

Sannu a hankali abin da aka tanada don ɓacin rana ya zama ruwan dare. Masu fasa bututu da rashin gyara sun kashe layukan, Matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta tace komai ba, rikicin Boko Haram kuma ya ƙara dagula lamarin a Arewa maso Gabas. Daffon Maiduguri ya zama wurin da tankoki ke zuwa a duba takardunsu, maimakon wurin da ake yi musu lodi. Kusan duk litar da aka ƙona a birnin ta zo ne a bayan mota daga bakin teku.

Ko a wancan lokaci, farashi ɗaya ya fi zama a takarda. Duk sa'ad da aka shiga ƙarancin mai, gidajen mai masu zaman kansu kan ƙara kuɗi, 'yan bumburutu kuma su cika bakin titi da jarkoki.

Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 16 ga Agusta, 2021, ta narkar da PEF cikin sabuwar hukuma mai kula da sufuri da rarraba mai, NMDPRA. Sashe na 205 na dokar ya ce kasuwa ce za ta yanke farashin sari da na sayarwa. Da tallafi ya tafi a 2023, sai biyan kuɗin dako ya bi shi. Abin da ya rage shi ne bashi: a watan Fabrairun 2025, shugabannin daffo-daffo na Ƙungiyar Dillalan Mai Masu Zaman Kansu, IPMAN, sun ba hukumar wa'adin kwana bakwai ta biya su tsohon kuɗin dako na kimanin naira biliyan 100, akasarinsa na dillalan Arewa.

Abin da ke cikin farashin lita

Ƙiyasin da NNPC ya fitar a Satumbar 2024 ya warware kuɗin lita dalla-dalla. Kamfanin ya ce ya sayi lita a matata a kan naira 898.78, adadin da Matatar Dangote ta musanta a lokacin. A kan wannan aka ɗora naira 8.99 na hukumar NMDPRA, kwabo 97 na duba ingancin kaya, naira 26.48 na riba, da naira 15 na rarrabawa a cikin Legas. Tun da sauran kuɗaɗen ba su sauya daga jiha zuwa jiha ba, ke nan rarrabawa zuwa Borno ta ci naira 84.

Abin lura shi ne, kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da ɗan Maiduguri ya biya an riga an yanke shi tun kafin tanka ta bar Lekki. Abubuwa biyu ke yanke shi: farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya, da darajar naira a kan dalar Amurka.

Ganga ɗaya tana cin lita 159. A misali, idan ganga tana dala 70, dala kuma tana naira 460, kamar yadda take a kasuwar gwamnati kafin Yunin 2023, ɗanyen man da ke cikin lita ɗaya zai kama kimanin naira 203. Idan ganga ba ta motsa ba amma dala ta koma naira 1,500, sai wannan lita ta koma kimanin naira 660, tun ba a yi maganar tacewa da dako ba. Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a ranar 14 ga Yuni, 2023, kuma zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Wannan ne ya sa farashin NNPC ya tashi zuwa naira 617 a Abuja a Yulin 2023, ya kai naira 897 a farkon Satumbar 2024, sannan ya haura naira 1,000 a watan Oktoba.

Kasancewar Najeriya na haƙo ɗanyen mai bai raba ta da wannan lissafi ba. Ko a ƙarƙashin yarjejeniyar sayar wa matatun cikin gida ɗanyen mai da naira, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Oktoba, 2024, da farashin duniya ake auna ganga, sannan a juya shi zuwa naira. Amfanin yarjejeniyar shi ne rage rububin neman dala. Da aka samu tsaiko wajen sabunta ta a watan Maris na 2025, Matatar Dangote ta dakatar da sayar da mai da naira na ɗan lokaci, farashi kuma ya ɗaga a gidajen mai.

Akwai kuma kuɗin ruwa. Tanka mai cin lita 45,000, idan an saya a kan naira 820, za ta kama naira miliyan 36.9, alhali a zamanin tallafi ba ta kai miliyan 10 ba. Ƙaramin dillali ba shi da wannan jari sai ya ci bashin banki, a daidai lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari. Dillalin Legas zai iya sayar da kayansa ya koma daffo cikin kwana ɗaya ko biyu. Na Maiduguri kuwa jarinsa na kan hanya tsawon kwanaki, kuɗin ruwa na hawa, kuma idan matata ta rage farashi kafin motarsa ta iso, asarar tasa ce. Shi ya sa ragin farashi kan yi jinkirin isa Borno, ƙari kuwa ya iso da wuri.

Tafiyar kilomita 1,500

Tsakanin Legas da Maiduguri akwai tafiyar fiye da kilomita 1,500. Tankar da ta taso daga Lekki ko Apapa za ta bi ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa, ta ratsa Kaduna da Kano ko ta bi ta Jos da Bauchi, ta wuce Potiskum da Damaturu kafin ta shiga Maiduguri. Wasu dillalan kan yi lodi a Kalaba ko Fatakwal ko Warri, amma a can ma sai an ɗora kuɗin jirgin ruwan da ya kai man.

Tankokin da dizal suke tafiya, shi kuwa dizal ya daɗe da fita daga tallafi. Mota ta je da kaya, ta dawo wayam, kuma duka zangon biyu a kan mai saye suke. Idan aka ninka naira 69 sau 45,000, za a samu naira miliyan 3.1. Daga ciki ake sayen dizal na zuwa da dawowa, a biya direba da yaran mota, a sayi taya, a yi gyara, a kuma biya kuɗaɗen da ake karɓa a hanya. A watan Fabrairun 2024, Ƙungiyar Masu Motocin Sufuri, NARTO, ta janye tankokinta na ɗan lokaci, tana cewa kuɗin dakon da ake biyanta ba ya mayar da abin da take kashewa.

Halin hanya ma yana da kasonsa. Aikin tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri, wanda aka bayar tun 2006, ya ɗauki shekaru fiye da yadda aka tsara. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 ta karya gada a babbar hanyar da ta haɗa Kudu maso Yamma da Arewa, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Bayan gobarar tankoki a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktobar 2024 da Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, waɗanda suka ci rayuka masu yawa, NMDPRA ta hana tankoki masu cin lita 60,000 yin lodi daga ranar 1 ga Maris, 2025. Matakin na kare rai ne, sai dai idan mota ta ɗauki kaya kaɗan a tafiya mai tsawo guda, abin da kowace lita za ta ɗauka na kuɗin hanya sai ya ƙaru.

Tsaro da kan iyaka

Wannan duka labarin isa Maiduguri ne. Daga birnin zuwa Monguno ko Dikwa ko Gamboru Ngala ko Damasak, wani lissafi ne daban. Akwai hanyoyin da ba a bi sai da rakiyar sojoji, akwai kuma sa'o'in da ake rufe su. Direban da zai shiga irin wannan hanya da kaya mai kamawa da wuta dole ya nemi ƙarin lada.

Fetur a wannan yanki kayan yaƙi ne, domin da shi mayaƙa ke tuƙa babura da motoci. Saboda haka jami'an tsaro ke taƙaita jigilarsa a jarkoki. A watan Mayun 2025, Gwamna Babagana Umara Zulum ya hana sayar da fetur a Ƙaramar Hukumar Bama, har da garin Banki, bayan tuntuɓar hukumomin tsaro. Lamarin ya zama gaba kura baya sayaki: a saki mai ya faɗa hannun mahara, a matse shi kuma manomi da mai injin niƙa su saya da tsada a bayan fage.

Borno ta yi iyaka da ƙasashe uku, Kamaru da Chadi da Nijar. Tun Fabrairun 2024 ake sayar da lita a Kamaru a kan sefa 840, wanda a canjin 2025 ya haura naira 2,000. Muddin akwai irin wannan rata, man Najeriya ba zai daina tsallaka rafi zuwa Fotokol ko Amchide ba. A Nuwambar 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a 2024 kuma ta ƙaddamar da samame na musamman kan masu fasa-ƙwaurinsa, abin da ya kai dillalai a Adamawa da Taraba ga rufe gidajen mansu na 'yan kwanaki a watan Yuni.

Cire tallafi ya rage ribar fasa-ƙwauri. Alƙaluman NMDPRA sun nuna man da ake fitarwa kullum ya sauka daga kimanin lita miliyan 65 zuwa ƙasa da miliyan 50. An ga tasirin haka a Nijar, wadda ta rage farashinta zuwa sefa 499 a 2024, sannan ta faɗa cikin ƙarancin mai a Maris na 2025 har ta nemi agajin Najeriya.

Nauyin da ke kan mutanen Maiduguri

Naira 69 a kan lita ba ta da yawa a baki, amma mazaunin Maiduguri ya fi da yawa daga cikin takwarorinsa dogaro da fetur. A Janairun 2021 mahara sun kayar da turakun lantarki a hanyar Damaturu, aka gyara a watan Maris, suka sake kayarwa bayan 'yan kwanaki, birnin ya yi watanni a cikin duhu. Tashar lantarki mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a Maris na 2023, ta kawo sauƙi, duk da haka teloli da masu walda da masu sayar da ruwan sanyi ba su rabu da janareta ba.

Tun 2011 aka hana acaɓa a birnin, Keke Napep ta zama abin hawan talaka. A misali, mai keken da ke shan lita biyar a rana zai biya ƙarin naira 345 kullum a kan abin da takwaransa na Legas ke biya. A wata guda kuɗin ya haura naira 10,000, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Daga aljihun fasinja zai fanshe. Haka abin yake ga mai kawo hatsi Kasuwar Litinin da mai ɗauko kifi daga Baga.

Ƙarin farashin Satumbar 2024 ya zo ne a watan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren birnin a ranar 10 ga wata. Jama'a sun fara gyaran gidaje da shaguna a daidai lokacin da lita ta haura naira 1,000.

Gwamnatin jihar ta ɗauki wasu matakai. A Disambar 2023, Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya 107 masu amfani da lantarki da iskar gas da jihar ta saya domin jigila a kan kuɗi kaɗan. A Janairun 2025, Gwamna Zulum ya sanar a Bama cewa za a sayar wa manoman rani fetur a kan naira 600 domin injinan ban-ruwa, kusan rabin farashin kasuwa a lokacin. Irin wannan tallafi yana zuwa ga wanda aka nufa kai tsaye, amma iyakarsa ƙarfin baitulmalin jiha.

Gasa da makomar tazarar

Shigowar Matatar Dangote, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta kawo gasar da ba a saba gani ba. A Afrilun 2025 matatar ta sanar da farashin gidajen man da ke hulɗa da ita: naira 890 a Legas, naira 920 a Arewa maso Gabas. Tazarar ta sauko zuwa naira 30. Rahoton farashi na wata-wata na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma ya nuna cewa nisa ba shi kaɗai ke magana ba, domin akwai watannin 2025 da Yobe ta fito cikin jihohi mafi arha. Yawan gidajen mai, da ƙarfin aljihun masu saye, da kasancewar manyan kamfanoni a gari duk suna taka rawa.

A ranar 15 ga Satumba, 2025, matatar ta fara kai mai kai tsaye da motocinta masu amfani da iskar gas, daga cikin 4,000 da ta ce ta yi oda, ba tare da cajin kuɗin dako ba. Zangon farko ya ƙunshi Kudu maso Yamma a kan naira 841, da Abuja da wasu jihohi a kan naira 851. Borno ba ta cikin jerin farko. Idan tsarin ya kai Arewa maso Gabas, zai yi aikin da PEF ke yi a da, sai dai a wannan karo kamfani ne zai ɗauki nauyin, kuma yana da ikon ajiyewa ran da ya ga dama. Ƙungiyoyin direbobin tanka da masu daffo sun nuna fargabar cewa kasuwa za ta koma hannu guda, har ƙungiyar NUPENG ta shiga yajin aiki na ɗan lokaci a watan.

Masu kiran a dawo da daidaita farashi suna kafa hujja da cewa ɗan ƙasa bai kamata ya biya harajin nisa ba. Masu adawa kuma na tuna cewa tallafi ya lashe naira tiriliyan 4.39 a 2022 kaɗai, kuma tsohon tsarin ya bar bashi da zarge-zargen biyan dakon man da bai isa inda aka rubuta ba.

Tsakanin waɗannan ra'ayoyi akwai abin da ba a jayayya a kansa: bututu da jirgin ƙasa sun fi tanka arha a tafiya mai nisa. Layin dogo ya isa Maiduguri tun 1964, kuma a Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin farfaɗo da shi daga Fatakwal, amma har yanzu bai iso Borno ba. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, a Kano zai tsaya, don haka motocin gas a Borno za su ci gaba da jiran gas ɗin da aka kawo a mota. Haƙar mai da aka ƙaddamar a Kolmani a Nuwambar 2022, da wadda aka koma a yankin Tafkin Chadi a Mayun 2023, ba za su taɓa farashin gidan mai ba sai an samu ɗanyen mai mai yawa da matatar da za ta tace shi a kusa.

Farashin ganga da darajar naira su ne za su ci gaba da yanke ko farashin lita zai hau ko zai sauka, a Legas da Maiduguri baki ɗaya. Tazarar da ke tsakanin biranen biyu kuwa tana hannun hukumomin cikin gida: gyaran bututun Kaduna zuwa Jos da Gombe, dawo da lodi a daffon Maiduguri, kammala hanyar Kano, da tsaron da zai bar tanka ta isa Monguno da Gamboru ba tare da jiran rakiya ba.